Askin wardi: yaushe ake datsewa, kuma nawa ake ragewa?

Uwar Gida: Assalamu alaikum. Masana lambu, ina neman shawara. Wardi ne guda huɗu a tsakar gida, nan Kano, shekararsu uku a ƙasa. Sun yi tsawo har sun wuce kafaɗa, ƙasansu duk ƙaya ce babu ganye, fure kuma sai ɗaya-ɗaya can a ƙoli, shi ma ƙanana. Ɗan ganyen da ya rage duk baƙin tabo ne. Ga shi muna ƙarshen Satumba. In datse su yanzu ne ko in jira? In kuma za a datse, daga ina ake kamawa?

Bakano Mai Lambu: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kada almakashi ya taɓa su yanzu. Ki bari ruwa ya ɗauke sarai, ƙasa ta sha iska kamar mako biyu, sannan a yi aski. A Kano hakan yakan faɗo tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Duk inda aka yanka rauni ne, kuma rauni cikin laima nan funfuna ke shiga, sai ki ga reshe ya fara baƙi daga wurin yankan yana gangarowa. Ban da haka, wardi yakan ɗauki mako shida zuwa takwas daga aski zuwa fure. In an datse a ƙarshen Oktoba, furen zai buɗe a tsakiyar Disamba, cikin sanyin hunturu, kuma a ƙasar nan babu lokacin da furen wardi ke yin girma, launinsa ya fito, ya daɗe a kan reshe kamar wannan lokacin. Aikin da za ki iya yi yau shi ne tsince ganyen da ya yi tabo, da na kan reshe da wanda ya zuba a ƙasa, a kai shi nesa ko a ƙone. Kada a zuba shi cikin ramin taki.

Bazazzagiya: Malam, ina da ja a nan. Littattafan lambu na Ingila cewa suke a yi aski tsakanin Fabrairu da Maris, kuma a rage reshe har ya koma santimita 10 zuwa 15 daga ƙasa, wato ido (wurin da sabon toho ke fitowa a jikin reshe) huɗu zuwa shida kawai za a bari. Su ne fa suka daɗe da sanin wardi. Me zai sa mu saɓa musu?

Malamin Gona: Hajiya Bazazzagiya, abin da littattafan suka faɗa daidai ne ga ƙasarsu. A can sanyi yana tsayar da wardi cak. Ganye ya zube, ruwan jikinsa ya lafa, abincin da ya tara ya koma cikin saiwa da gindi. To a ƙarshen wannan barcin suke datsewa, daidai lokacin da ɗumi zai fara dawowa, don haka ko an yanke shi ƙurmus yana da ajiyar da zai tashi da ita, kuma sabon toho zai fito ne cikin yanayi mai laushi. Mu wardinmu ba ya barci. Shekara zagaye yana da ganye, yana ci yana kashewa, ajiyarsa ba ta da yawa. In kin datse shi a Maris a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, tohon da zai fito zai tarar da Afrilu, zafi ya kai digiri 40 ko fiye. Toho ya ƙone, rassan da aka tuɓe wa ganye rana ta gasa ɓawonsu, shukar ta ƙare ajiyarta a banza. Wardi ya fi jin daɗi tsakanin digiri 15 da 27 ko kusa da haka, kuma mu a nan hunturu ne kawai ke ba mu irin wannan. In misali ake nema, a dubi arewacin Indiya, su ma da damina da rani mai zafi gare su, kuma a Oktoba suke aski, bayan ruwa ya ɗauke.

Ɗan Filato: Na yarda da lokacin amma a bar mana ɗan bambanci. Jos tana kan tudu wajen mita 1,200, ruwanmu yakan kai Oktoba, kuma bazararmu ba ta kai ta Kano zafi ba. Saboda haka a nan Nuwamba ya fi, kuma wardi yana jure aski mai zurfi. A rage shi zuwa santimita 30 zuwa 40 ba ya komai. Akwai ma damar ƙaramin aski na biyu kafin ruwa ya sauka, don a buɗe tsakiyar shuka iska ta ratsa.

Bakano Mai Lambu: Haka ne, ɗan'uwa, amma kada mutumin Kano ya ɗauki awon Jos. A nan kashi ɗaya cikin uku ake ragewa, in ya yi yawa rabi. Reshe ya tsaya kamu ɗaya ko sama da haka kaɗan, wato santimita 45 zuwa 60, kamar tsayin gwiwa. Wardin Hajiya da ya wuce kafaɗa, rabi ya ishe shi bana. Baɗi in ya fitar da sababbin rassa daga gindi sai a ƙara saukar da shi.

Uwar Gida: Na gode ƙwarai. To ranar aikin kanta fa? Me zan fara yankewa? Rassan sun sarƙe da juna, ban ma san wanda zan bari ba.

Baba Gadina: 'Yata, fara da kayan aiki. Almakashin lambu iri biyu ne. Akwai wanda bakinsa biyu ke wuce juna kamar almakashin tela, akwai wanda baki ɗaya ke sauka a kan faffaɗan ƙarfe. Na farkon ake so ga ɗanyen reshe. Na biyun matse reshe yake yi ya farfasa shi, sai dai busasshen itace. A wasa shi sosai. Reshen da ya fi babban yatsa kauri kada a tilasta wa almakashi, a sa ƙaramin zarto. Adda kuwa ba ta da wuri a wannan aiki, tsaga reshe take yi. A tanadi sifirit da ɗan tsumma, a goge baki kafin a koma kan wata shukar, da kuma duk lokacin da aka yanki reshe mai cuta. Safar hannu mai kauri da riga mai dogon hannu wajibi ne, don ƙayar wardi tana shigar da ƙazanta cikin fata, kuma wanda ya daɗe bai yi allurar rigakafin tetanus ba ya kamata ya kula.

Sai aikin. Tsugunawa ake yi a dubi gindi, ba daga sama ake kamawa ba. Da farko a fitar da duk reshen da ya mutu, wanda ya koma ruwan ƙasa ko baƙi ya bushe, a yanke shi daga tushensa, kada a bar kututture. Sai mai cuta ko wanda ya karye: a yi ta yankawa kaɗan-kaɗan ana duba totuwar cikinsa. Muddin tana ruwan ƙasa, a ƙara sauka. In ta fito fara ko fara mai ɗan kore, an kai lafiyayyen wuri. Bayan nan sai siraran rassa, duk wanda bai kai kaurin fensir ba a cire shi, don ba zai ɗauki fure mai girma ba. Sai waɗanda suka gitta juna suna goga, a zaɓi mai ƙarfin a bar shi, ɗayan ya tafi. Sai waɗanda suka nufi tsakiyar shuka.

In an gama wannan, za ki ga abin da ya rage bai wuce rassa biyar ko shida ba. A cikinsu a zaɓi uku zuwa biyar, masu koren ɓawo mai santsi, waɗanda suka rarrabu ta kowane gefe. Tsohon reshe mai tokar ɓawo da ya tsattsage, in akwai sabo kusa da shi, a cire shi da zarto daga gindi, amma ɗaya ko biyu kawai a shekara. Sannan a rage tsawon waɗanda aka zaɓa. In an yi daidai, shukar za ta tsaya kamar buɗaɗɗen tafin hannu da yatsu suka dubi sama, tsakiya fayau.

Hajiya Mai Fure: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Bari in ƙara bayani a kan wurin yankan kansa, don nan mutane suka fi ɓatawa. A kowane wuri da ganye ya fito, ko inda ya taɓa fitowa ya bar ɗan tabo kamar jinjirin wata, akwai ido a samansa, ɗan kumburi ja ko kore. Inda idon ya kalla nan sabon reshe zai nufa. Don haka a nemi idon da ke kallon waje, a yanka samansa da kamar milimita 5. A karkata yankan, gefe mai tsawo ya kasance a saman idon, gangaren ya nufi bayansa, yadda ruwa ko raɓa zai zurare ba ta kan idon ba. In an bar tazara mai yawa, guntun da ya rage sama da ido ba shi da abin da zai ja masa ruwa, sai ya bushe ya yi baƙi, kuma bushewar takan gangara ta cinye idon. In kuma an matsa kusa da yawa, idon ne zai bushe. A riƙe almakashin yadda siririn bakin mai kaifi zai kasance ta ɓangaren da za a bari, don matsewar ta faɗa kan guntun da za a yar.

Malamin Gona: Ba na musun abin da Hajiya ta faɗa, amma kada tsoron kuskure ya hana mai farawa taɓa shukarsa. A farkon shekarun 1990 ƙungiyar masu wardi ta Birtaniya ta yi gwaji a lambunta na St Albans. Wasu wardin aka yi musu aski na ƙa'ida, wasu aka bi ta kansu da injin aske shinge, aka yanke su bai-ɗaya ba tare da neman ido ba. Waɗanda aka yi wa da inji ba su gaza sauran fure ba. Abin da ake fahimta daga nan shi ne yawan ganyen da aka bari yana da nauyi fiye da karkatar almakashi. Ko manoman furen Kenya, a gonakin da ke kewayen tafkin Naivasha, siraran rassa lanƙwasa su suke yi ƙasa maimakon yankewa, don ganyensu ya ci gaba da ciyar da gindi.

Baba Gadina: Malam, wannan gwajin na yawan fure ne a ƙasa mai sanyi. Kawo shi nan ka bar tsakiyar shuka a cunkushe, ka jira Agusta. Baƙin tabo yana buƙatar ganye ya zauna a jiƙe kamar awa bakwai kafin ya kama. Shukar da iska ke ratsawa takan bushe kafin haka, cunkusasshiya kuwa takan wuni da laima. Ga shi gonakin Kenya cikin rumfa suke, ruwan sama ba ya taɓa ganyen. Na yarda kada a tuɓe shuka tsirara, amma buɗe tsakiya ba abin sassauci ba ne a wurinmu.

Malamin Gona: A kan buɗe tsakiya muna tare, Baba. Abin da nake hanawa shi ne a cire kowane siririn reshe na gefen waje a wardin da ya riga ya raunana. Irin na Uwar Gida da tabo ya cinye wa ganye, in akwai ɗan reshe mai lafiyayyen ganye a gefe, a bar shi tukuna har sabon toho ya yi ƙwari.

Ɗan Damagaram: Wannan maganar ta fi ƙarfi a wajenmu. A Damagaram da Maraɗi iskar hunturu bushewa gare ta sosai, rana kuma ba ta sassautawa ko a Disamba. Reshen da babu ganye a kansa, gefen da ke kallon yamma yakan ƙone ya yi faci ruwan ƙasa, daga nan ya mutu. Kashi ɗaya cikin uku kawai ake ragewa. Kuma tun wurin dasawa a nemi inda zai sami ranar safe ta awa biyar ko shida, katanga ko bishiya ta kare shi daga ta la'asar.

Uwar Gida: Akwai wani abu kuma. Ɗaya daga cikinsu ya fitar da dogon reshe daga cikin ƙasa, ya fi kowane saurin girma, amma bai taɓa fure ba. Ganyensa ƙanana ne, launinsa bai kai na sauran duhu ba. Shi ma yana cikin waɗanda za a bari?

Hajiya Mai Fure: A'a, Yaya, wannan da alama daga ƙasan aure ya fito. Yawancin wardin da ake sayarwa aure aka yi musu: an ɗauki idon iri mai kyan fure an ɗora a kan gindin wani iri mai ƙarfin saiwa. Wurin haɗin yana nan kamar dunƙulallen kumburi kusa da ƙasa. Duk abin da ya fito daga kumburin ko samansa naki ne, shi ake nema ma. Abin da ya fito daga ƙasansa na gindin ne, kuma in an bar shi zai janye abincin duka har na saman ya mutu, a wayi gari da wani wardi daban mai ƙaramin fure ko marar fure. Ki tone ƙasar a hankali har ki ga inda ya manne. In daga saiwa ko ƙasan kumburin ne, ki sa safar hannu ki fizge shi ƙasa daga mahaɗarsa. Fizgewa ta fi yanka, don tana tafiya da idanun da ke gindinsa. In an yanke shi a saman ƙasa, biyu ko uku ne za su fito a madadinsa.

Ɗan Filato: A kula da abu biyu a nan. Ana cewa wai duk reshe mai ganye falle bakwai, wato ƙananan ganyayyaki bakwai a jere a kan tsinke ɗaya, na gindi ne, mai falle biyar na sama ne. Ba kullum ba. Akwai iri masu kyau da ke fitar da falle bakwai. Tona ƙasa a ga mafitarsa ita ce shaida. Na biyu, wardin da aka dasa daga yankakken reshe ba shi da aure sam, kuma irin wannan yana da yawa a wurin masu sayar da fure na bakin titi. Shi duk abin da ya fito daga ƙasa nasa ne. Kuma sabon toho mai kauri ja da ke fitowa daga gindi kada a ɗauke shi cuta, shi ne reshen da zai ɗauki furen baɗi.

Bazazzagiya: To na gamsu da batun lokaci. Amma duk wardi ne ake yi wa aski iri ɗaya? Nawa ɗaya fure guda yake yi a kan dogon reshe, ɗayan kuma tari-tari.

Malamin Gona: Ba ɗaya ba ne. Mai fure guda babba a kan reshe, irin su Peace wanda aka fitar a 1945 ko jan nan Mister Lincoln, shi ake ragewa sosai, don rassa kaɗan masu kauri ake so, kowanne da furensa. Mai tari-tari, irin farin nan Iceberg da gidan Kordes na Jamus ya fitar a 1958, yawan rassa ne adonsa, saboda haka ana barin biyar zuwa bakwai, a bar su da ɗan tsawo fiye da na farkon. Irin Queen Elizabeth kuwa dogo ne tun asali, duk yadda aka saukar da shi sama zai koma, gara a ba shi bayan layi. Ƙananan wardi na tukunya gyara kawai suke so: a cire matacce, a rage kashi ɗaya cikin uku. Wanda aka dasa bana kuma ba a yi masa babban aski, sai ya cika shekara ya kafa saiwa.

Baba Gadina: Mai hawa katanga shi ne aka fi zalunta. Mutane su datse dogayen rassansa kamar na sauran, sannan su ce ba ya fure. Shekara biyu zuwa uku na farko ba a yanke masa komai sai matacce. Dogayen rassan nan su ne ƙashin bayansa. A kwantar da su a gicciye a jikin waya ko katako, a ɗaure da tsumma ko igiya mai laushi, ba da waya ba, kuma a bar ɗan sarari don reshe zai yi kauri. Dalilin kwantarwar shi ne idon ƙoli yana danne na ƙasa da shi, in reshe ya miƙe tsaye shi kaɗai zai yi fure can sama. In ya kwanta, idanun da ke tsawonsa duka sai su farka, kowanne ya fitar da gajeren reshe mai fure. To waɗannan gajerun ake datsewa bayan sun gama fure, a bar ido biyu ko uku. Akwai kuma irin da sau ɗaya kawai yake fure a shekara, a kan reshen bara. Shi sai ya gama fure ake taɓa shi, in an datse kafin nan an zubar da furen shekarar.

Uwar Gida: Bayan an gama askin fa, a sa taki nan take? Kuma wani ya ce a shafa fenti a wurin yankan.

Bakano Mai Lambu: A fara share gindin tas. Sai a sassauta ƙasar sama da ɗan ƙaramin abu, kada a zurfafa don saiwar wardi tana kusa. A zuba ruɓaɓɓen takin shanu ko na tumaki kamar rabin bokiti a kewaye, a bar tazarar tafin hannu daga jikin gindi. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi, sai ya ruɓe sosai. A ba da ruwa mai yawa a ranar. Takin zamani kuwa a jira har idanu su fashe toho ya kai tsawon yatsa, kamar mako biyu zuwa uku. Sannan a sa kamfa, 15-15-15, rabin ƙaramin gwangwanin tumatir ga kowace babbar shuka, wajen giram 30 zuwa 40, a barbaɗa a zagaye nesa da gindi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, a bi da ruwa. Yuriya zalla ganye take kawowa, toho ya yi laushi, ɗarba ta taru a kai. Ban-ruwa a hunturu bokiti guda ga kowace shuka sau biyu ko uku a mako, gwargwadon yashin ƙasar, da safe, a gindi ba a kan ganye ba.

Fenti kuwa a bar shi. Yankan da aka yi da kaifi a lokacin rani da kansa yake bushewa.

Ɗan Filato: Fentin mai dai a bar shi, amma inda ƙwaro ke huda totuwa akwai dabara. In bayan aski ka ga ɗan rami a tsakiyar yankan, wani ƙwaro ne ya shiga ya yi gida, kuma reshen yakan bushe har iyakar ramin. A sake yankawa ƙasa da inda ramin ya tsaya, a ɗiga farin gam na kafintoci a kan duk yankan da ya kai kaurin yatsa. Inda ba a ganin ramin, babu buƙata.

Ɗan Damagaram: A yi hattara da gara ma. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa a gindi yana riƙe laima, amma in ya taɓa jikin shuka gara za ta bi ta nan, musamman in an bar mataccen kututture. Wannan na cikin dalilan da Baba ya ce a yanke matacce daga tushe.

Hajiya Mai Fure: Yanzu ga abin da ke sa fure ya fito a gani. Babban aski sau ɗaya ne a shekara, amma ƙaramin yanka kullum ne. Furen da ya fara zubewa a cire shi, don in an bar shi zai ƙulla 'ya'ya, shukar ta ɗauka ta gama aikinta. Ga shuka mai ƙarfi, a gangara zuwa ganyen farko mai falle biyar da ke kallon waje, a yanka samansa, domin a nan reshe ya yi kaurin da zai fitar da toho mai ɗaukar fure. Ga ƙaramar shuka ko mai rauni, kan furen kawai za a tsinke a bar ganyen duka.

In babban fure guda ake so, a dubi ƙolin reshe lokacin da ƙullin fure ya fara fitowa. Za a ga babba a tsakiya da ƙanana biyu ko uku a gefensa. A tsinke ƙananan da farce tun ba su kai ƙwayar wake ba. In an makara suka girma, wurin zai bar baƙin tabo, kuma sun riga sun sha abincin. Ga mai tari-tari kuwa akasin haka ake yi: na tsakiyar ake cirewa, don shi ke riga sauran buɗewa ya bushe a tsakiyarsu, in babu shi sai tarin ya buɗe kusan lokaci guda.

Bazazzagiya: Hajiya, in ana son fure ya dace da wata rana fa, kamar biki ko saukar baƙi?

Hajiya Mai Fure: A ƙirga baya mako bakwai daga ranar, in a hunturu ne. Da zafi yakan yi sauri, mako biyar zuwa shida, amma furen ƙarami ne kuma ba ya daɗewa. Tunda iri ya bambanta kuma sanyin kowace shekara daban, kada a datse duka rana ɗaya. A raba su kashi uku, tsakanin kowane kashi kwana huɗu ko biyar, ɗaya zai dace. Ranar yankan furen a fita da sassafe da bokitin ruwa a hannu. A zaɓi ƙullin da korayen ganyayyakin da suka rufe shi sun juya ƙasa, fallen waje ya fara saki. Wanda yake a ɗaure tamau ba zai buɗe a cikin ruwa ba, wuyansa ne zai lanƙwashe. A bar aƙalla ganye biyu masu falle biyar a kan reshen da aka yanka daga gare shi. A tsoma furen cikin bokitin nan take, a cire duk ganyen da zai nutse a ruwa, a ajiye a inuwa, a riƙa sauya ruwan ana ɗan rage ƙasan reshen duk kwana biyu.

Uwar Gida: Tambaya ta ƙarshe, don Allah. Wani reshen yakan fito lafiya lau da ganye, amma ƙarshensa babu ƙulli, ya tsaya haka nan. Kuma idan bazara ta zo, a ci gaba da yanka?

Baba Gadina: Reshen da ya tsaya babu ƙulli yawanci ƙarancin rana ne, ko shukar ta fitar da toho fiye da abin da za ta iya ciyarwa. A rage shi rabi, saman ido mai kallon waje, zai sake fitowa. In ido ɗaya ya fitar da toho biyu ko uku bayan aski, a murje raunanan da yatsa a bar guda. In kuwa rassa da yawa ne ke yin haka, a duba ko wata bishiya ta rufe wurin, a rage mata rassa.

Daga Maris har ruwa ya sauka, a ajiye almakashi. Kan furen da ya bushe kawai za a tsinke, ganye ko ɗaya kada a rage, don shi ne inuwar rassan. A tsayar da takin zamani, a ƙara ruwa. In ganye ya fara yin ɗige-ɗige rawaya da ɗan saƙa a bayansa, wasu ƙananan ƙwari ne masu son zafi da ƙura, a riƙa wanke bayan ganyen da ruwa mai ƙarfi da safe. Da damina kuma abin da ake cirewa shi ne ganye mai tabo, da ganyen da ke taƙi ɗaya daga ƙasa inda ruwa ke fantsamo laka, da tohon da ya nufi tsakiya, kuma a zaɓi ranar da gari ya washe a yi yankan da hantsi don wurin ya bushe kafin dare.